Ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu: tarihin alamar da ke jikin kwalbar guba da rigunan samari

Alama ce da kusan kowa ya taɓa gani, ko da bai tsaya ya dube ta ba: ƙoƙon kan mutum, ramukan ido biyu baƙi ƙirin, haƙora a waje, ƙasusuwa biyu a gicciye ƙarƙashinsa. Tana jikin kwalbar maganin ƙwari a kasuwar Maraɗi, tana kan allon gargaɗi kusa da manyan na'urorin wutar lantarki, tana kuma a ƙirjin rigar bosho da ɗan kabu-kabu ya saya a Damagaram don launinta ya burge shi. Faransawa na ce mata tête de mort, wato kan mutuwa. A jikin kwalba da allon lantarki cewa take a yi nesa, a jikin riga kuwa ba ta cewa komai. Yadda hoton mutuwa ya kai ga zama kwalliya tarihi ne mai tsawo, mafi yawansa a Turai da ƙasar Meziko ya gudana, amma ƙarshensa ya shafi duk gidan da ake ajiye guba a inda hannun yaro zai kai.

Kafin zane, ƙashin kansa

Tun kafin a fara zana ƙoƙon kai, mutane sun yi aiki da ainihin ƙashin. A shekara ta 1953 wata Baturiyar Ingila mai binciken tarihi ta hanyar tona ƙasa, Kathleen Kenyon, ta tono wasu ƙoƙunan kai a tsohon garin Ariha na Falasɗinu, wanda Turawa ke kira Jeriko. An shafe su da farar ƙasa, an sake gina musu hanci da kumatu, an sa ɓawon halittun teku a gurbin ido. Shekarunsu sun kai wajen 9,000. Yawancin masana na ganin fuskokin kakanni ne da iyalansu suka so su ci gaba da zama da su.

Irin wannan tunani ya daɗe a tsakiyar Afirka. Ƙabilar Fang ta Gabon da kudancin Kamaru kan adana ƙoƙunan kan magabata cikin akwatin ɓawon itace, su dasa mutum-mutumin katako a samansa a matsayin mai gadi. Maƙwabtansu Kota kuma kwando suke amfani da shi, mai gadinsu an lulluɓe shi da tagulla. A farkon ƙarni na 20 dillalan Paris suka yi ta sayen waɗannan masu gadin, masu zanen zamani na Turai suka yi ta mamakin siffarsu. Mutum-mutumin kaɗai ya yi tafiyar. A gidajen tarihi na Turai galibi ana nuna mai gadi ba tare da abin da aka sassaƙa shi ya tsare ba.

A ƙasar Hausa ba a san wannan hanya ba. Musulunci ya koyar da gaggauta binne mamaci da barinsa a kushewarsa, kuma akwai hadisi sananne da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. Wanda ya zagaya unguwar Birni a Damagaram ya dubi zanen bangon gidaje, ko ya dubi aikin allura a wuyan babbar riga, ko aikin dukawa da maƙeran azurfa, zai ga dagi da aska da layuka masu sarƙaƙiya, ba zai ga ƙwarangwal ba. Tunawa da mutuwa a nan aikin baki ne: wa'azi, waƙoƙin malamai, ganin makara ta wuce. Ƙasusuwan da mutanen Nijar ke biyan kuɗi su kalla su ne na manyan dabbobin dauri da aka tono a hamadar Agadas, waɗanda ke tsaye a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Saboda haka alamar ƙoƙon kai baƙuwa ce, ta shigo ne a jikin kaya.

Annoba da rawar matattu

Tsakanin 1347 da 1351 annobar da Turawa suka sa wa suna Baƙar Mutuwa ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, kuma ta yi ta dawowa bayan ƴan shekaru. Hoton gawa da ƙwarangwal ya riga ya wanzu a zanen coci kafin nan, amma a ƙarnin da ya biyo baya ne ya cika ko'ina.

Babban misali yana Paris. A tsakiyar birnin akwai maƙabartar da ake kira Innocents, inda ake zuba talakawa cikin manyan ramuka, idan naman ya narke a kwashe ƙasusuwan a jibge su a saman rumfunan da suka kewaye wurin, a samu filin binne wasu. Maƙabartar kuma dandali ce: ana ciniki a ciki, ana wa'azi, masu rubuta wa jama'a wasiƙa na zaune a gindin bango. A 1424 zuwa 1425, lokacin da birnin ke hannun Ingilishi a tsakiyar yaƙin shekara ɗari, aka zana wani dogon hoto a bangon ɗaya daga cikin rumfunan. Sunansa danse macabre, rawar matattu. Jerin mutane ne, kowane mai rai da gawa a gefensa tana jan hannunsa. Paparoma ne a gaba, sai sarkin sarakuna, sai manyan limaman coci da jarumai, har a gangaro kan attajiri, mai ba da bashi da ruwa, likita, manomi da jariri. A ƙarƙashin kowane akwai baitoci: gawa ta yi kira, mai rai ya yi kuka ko ya nemi uzuri.

Abin lura shi ne matattun su ne masu kuzari. Su ke tsalle, su ke murmushi, masu rai kuwa sun sandare cikin manyan rigunansu. An jera mutanen bisa muƙami daga sama zuwa ƙasa, amma duk hanya ɗaya aka nufa da su. Talakan Paris da bai iya karatu ba yana iya tsayawa ya ga an ja sarki da hannu kamar yadda za a ja shi. An rushe bangon a 1669 don faɗaɗa titi. Abin da ya ceci hoton shi ne wani mai maɗaba'a, Guyot Marchant, ya riga ya buga kwafinsa cikin littafi a 1485, littafin kuma ya yi kasuwa har aka ƙara masa rawar mata.

Wanda ya kai wannan fanni ƙololuwa Bajamushe ne, Hans Holbein ƙarami. Hotunansa 41, kowane bai kai tafin hannu ba, an buga su a birnin Lyon a 1538. Holbein ya fasa jerin rawar, ya kai mutuwa wurin aikin kowa. Tana zuba wa sarki abin sha a kan teburinsa, tana karɓe sandar alƙali yayin da yake miƙa hannu ga mai kuɗi, tana kwashe zinariyar marowaci a gabansa. Wajen manomi kuwa ita ce ke kora masa dawakin huɗa. Mafi ciwo shi ne na bukkar talaka: uwa na dafa abinci, ƙwarangwal ya riƙe hannun ƙaramin yaro yana fita da shi, yaron na waiwaye.

Holbein ɗin ne kuma ya yi zanen nan na jakadu biyu a 1533, wanda ke gidan zane na ƙasa a Landan. Faransawa ne biyu, Jean de Dinteville da Georges de Selve, dukansu ba su cika shekara 30 ba, sun sha ado, a tsakaninsu kayan ilimi: taswirar duniya, na'urorin auna taurari, littattafai, da wani molon Turawa mai tsinkakkiyar tsirkiya ɗaya. A ƙasa, gaban ƙafafunsu, akwai wani abu dogo fari-fari kamar an zubar da fenti. Sai mai kallo ya matsa can gefen dama, ya hango shi a kaikaice, sannan abin ya haɗu ya zama ƙoƙon kai. Daga inda ake ganin ƙoƙon sosai, jakadun da dukiyarsu sun murɗe ba sa ganuwa da kyau.

A ƙarni na 17 abin ya koma cikin ɗakunan attajiran Holan. Aka samu nau'in zane da ake kira vanitas, kalmar Latin mai nufin abin banza mai wucewa: tebur, a kansa ƙoƙon kai, agogon rairayi, kyandir da ya mutu, fure mai yaushi, wani lokaci kuɗi da littattafai. Philippe de Champaigne ya rage shi zuwa abu uku kacal a zanensa da ke birnin Le Mans na Faransa: fure, ƙoƙo, agogo. Sai dai akwai abin dariya a nan. Masu sayen waɗannan hotuna na wa'azin raina duniya su ne fataken da suka fi kowa tara ta, kuma hoton kansa kadara ne mai tsada. Tun daga lokacin ƙoƙon kai ya fara zama kayan ɗaki.

Gine-gine da ƙashin mutane

Maƙabartar Innocents ta ci gaba da karɓar gawa har ƙasarta ta tashi sama da titi. A 1780 bangon ɗakin ƙasa na wani gida da ke maƙwabtaka ya rufta saboda nauyin ramin gawarwaki, hukuma ta rufe wurin. Daga 1786 aka dinga kwasar ƙasusuwan da dare, cikin amalanke lulluɓe da baƙin ƙyalle, limaman coci na biye, zuwa tsoffin ramukan da aka haƙo duwatsun gina Paris. Sauran maƙabartun birnin suka biyo baya. An ƙiyasta ƙasusuwan mutum miliyon 6 ne ke kwance a can, kimanin mita 20 ƙarƙashin tituna.

Da farko zuba su kawai aka yi. Daga 1810 jami'in da ke kula da ramukan, Héricart de Thury, ya sa aka tsara su: ƙasusuwan cinya a jere kamar tubali, layin ƙoƙunan kai a tsakani kamar ado, sauran tarkacen a jibge a baya inda ido ba ya kaiwa. Yau masu yawon buɗe ido na bin layi a dandalin Denfert-Rochereau su biya kuɗi su sauka. Babu suna ko ɗaya a kan ƙashi. Mai sarauta da mabaraci sun cakuɗe, kamar yadda hoton bangon tsohuwar maƙabartar ya faɗa.

A Sedlec, cikin Jamhuriyar Cek, an wuce nan. A 1870 iyalin masu sarauta na Schwarzenberg suka ɗauki wani masassaƙi, František Rint, ya gyara tarin ƙasusuwan mutum aƙalla 40,000 da ke ƙarƙashin wata ƙaramar majami'a. Ya ƙera babbar fitilar rataye da ƙashi, ya ƙera tambarin iyalin da ƙashi, ya kuma rubuta sunansa a bango da ƙashi. Akwai makamantan wurin a Roma da Evora ta Fotugal. Ga mai karatu Musulmi abin yana da wuyar haɗiya, kuma ko a Turai ana gardama kan masu zuwa suna ɗaukar hoton kansu suna dariya a gaban matattu, har hukumar Sedlec ta taƙaita ɗaukar hoto.

Daga wa'azi zuwa barazana

Ƙoƙo da ƙasusuwa biyu a gicciye, siffar da muka fi sani, ta yawaita ne a kan duwatsun kaburbura da ƙofofin maƙabartu. Ƴan fashin teku na farkon ƙarni na 18 suka ɗauke ta suka ɗora a baƙar tuta. Tutar saƙo ce mai sharaɗi: ku miƙa wuya a bar ku da rai. Idan aka ƙi, sai a ɗaga ja, wadda ke nufin babu sauran sassauci. Dabarar kasuwanci ce, domin faɗa na lalata jirgi da kayan da ake son kwashewa.

An ga aikinta a gaɓar da ba ta da nisa da Kwatano. A watan Janairu na 1722 ɗan fashin nan Bartholomew Roberts ya shiga tashar Wida da baƙaƙen tutocinsa, jiragen cinikin bayi 11 da ke wurin suka sallama ba tare da faɗa ba, aka sa musu kuɗin fansa. Kyaftin ɗin jirgi ɗaya ya ƙi biya, mutanen Roberts suka cinna wa jirgin wuta da bayi wajen 80 ɗaure a ciki. Wata guda bayan haka jirgin yaƙin Ingila ya kashe Roberts a gaɓar Gabon, aka rataye 52 daga mutanensa a Cape Coast ta ƙasar Gana ta yau. Wannan ita ce tutar da finafinan yara suka mai da abin wasa.

Masu mulki ma sun yi amfani da ƙoƙon kai don tsoratarwa. A gidan tarihi na Abomey, a Jamhuriyar Benin, akwai kujerar sarki Gezo, wanda ya mulki Dahome daga 1818 zuwa 1858, a ɗore kan ƙoƙuna huɗu na abokan gaba. A Jamus wata rundunar mahaya ta sarki Frederik na Prusiya ta sa alamar a hula tun 1741, daga baya dakarun SS na Hitila suka gaje ta, har rundunar da ke gadin sansanonin da aka hallaka miliyoyin mutane ta ɗauki sunanta. Shi ya sa a Jamus ta yau doka ta hana nuna wannan nau'in na SS a bainar jama'a, alhali ana iya samun kwafinsa a jikin hula ko bel a kasuwannin da ba a san tarihinsa ba. Wani mai zane ɗan Rasha, Vasili Vereshchagin, wanda ya bi sojojin ƙasarsa yaƙi a tsakiyar Asiya, ya juya alamar kan masu yaƙin: a 1871 ya zana dalar ƙoƙunan kai a busasshen fili, hankaki na shawagi, rusasshen gari a baya.

Meziko, inda ƙwarangwal ke dariya

Meziko ta gaji ƙoƙon kai ta hanya biyu. Mutanen Aztek, kafin Sifaniyawa su ci birninsu a 1521, suna jera kawunan waɗanda aka yanka wa gumaka a kan sanduna kusa da babban wurin bautarsu. A 2015 masu tona ƙasa suka gano ragowar wannan jeri, da ɗaruruwan ƙoƙuna, a tsakiyar birnin Meziko. Sifaniyawa kuma suka zo da bikin Katolika na tunawa da matattu a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba. Masana na gardama kan wanne ya fi tasiri a bikin Ranar Matattu na yau, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2008. A bikin ana yin ƙoƙon kai na sukari mai launi, a rubuta suna a goshinsa, a ba aboki ko yaro ya cinye.

Fuskar da duniya ta sani ta bikin aikin mutum ɗaya ce, José Guadalupe Posada, wanda aka haifa a 1852. Mai zanen jaridun talakawa ne, irin takardun da ake sayarwa a titi da ƙaramin kuɗi. Al'adar lokacin ita ce a rubuta baitocin zambo kan mai rai kamar ya riga ya mutu, Posada kuma ya zana kowa a ƙwarangwal: ɗan siyasa, soja, mashayi, mai tuƙa keke. Mafi shahara ita ce wata mace, ƙoƙon kai tsirara sanye da ƙatuwar hular Turai mai gashin jimina da furanni. Zamanin shugaba Porfirio Díaz ne, lokacin da manyan ƙasar ke kwaikwayon Faransa a sutura da gini da abinci, zanen kuma zambo ne ga masu ƙin asalinsu suna rigar aro. Wanda ya tashi a ƙasar da Faransa ta raina ba ya bukatar a fassara masa wannan barkwanci.

Posada ya mutu a 1913 cikin talauci, aka binne shi a kabarin gama-gari. Diego Rivera ne ya ɗaga matar a 1947, ya ba ta cikakken jiki da doguwar riga a tsakiyar wani babban zanen bango, sunan Catrina ya bi ta. Yau mata na fenta fuskarsu da siffarta. Babban faretin Ranar Matattu na birnin Meziko kuwa sabo ne: fim ɗin James Bond na 2015 ya ƙirƙiro shi, hukumar birnin ta ga baƙi na tambayarsa, ta fara shirya na gaske a 2016.

Kasuwa

A rabin ƙarni na 20 na biyu ƙungiyoyin masu manyan babura da mawaƙan rok suka ɗauki ƙoƙon kai a matsayin alamar tawaye. Kulob ɗin ƙwallon Orlando Pirates na Soweto, wanda ya ci kofin zakarun Afirka a 1995, da shi yake tambari. A 2003 mai ɗinkin ƙawa na Ingila Alexander McQueen ya fitar da gyale mai ƙananan ƙoƙuna, masana'antu suka kwafa, daga nan alamar ta hau rigar jarirai da jakar makaranta.

A ɓangaren masu kuɗi, Damien Hirst ya sayi ƙoƙon wani mutumin ƙarni na 18 a wani shago a Landan, ya sa aka zuba kwafinsa da farin ƙarfen filatinom, aka manna masa duwatsun daimon 8,601, aka mai da haƙoran mamacin na ainihi. A 2007 ya sa masa farashin fam miliyon 50. Aka sanar an saya, daga baya ta bayyana shi kansa yana cikin masu sayen. A watan Mayu na 2017 kuma wani zanen kai mai kama da ƙoƙo na Jean-Michel Basquiat, baƙar fatar Amurka ɗan asalin Haiti ta wajen uba wanda ya rasu yana da shekara 27, ya tashi a dalar Amurka miliyon 110.5, sama da miliyar 60 na sefa.

Lokaci-lokaci alamar kan sake samun haƙora. A 2025 matasa masu zanga-zanga a Indonesiya, Nepal da Madagaska sun ɗaga tutar ƴan fashin teku ta labarin zanen Japan mai suna One Piece, ƙoƙo mai murmushi sanye da malfa. Na Madagaska suka sauya malfar da hular gargajiyarsu. Amma a wayar salula, ƙaramin hoton ƙoƙon da samari ke tura wa juna a WhatsApp nufinsa dariya ta kusa kashe ni.

Kwalbar guba

Aikin alamar mafi nauyi a yau ya faro ne a ƙarni na 19. A 1829 jihar New York ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin duk abin da ke ɗauke da guba, zuwa tsakiyar ƙarnin masu haɗa magani suka fara ƙara hoton ƙoƙo da ƙasusuwa saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Wasu ma suka yi kwalabe masu kaushin jiki ko siffar akwatin gawa, don hannu ya gane su cikin duhu.

Matsalar ta bayyana a birnin Pittsburgh na Amurka. Kulob ɗin wasan da yaran garin ke so sunansa Pirates, saboda haka ƙoƙo da ƙasusuwa a wurinsu alamar wasa ce. A 1971 wani likitan yara, Richard Moriarty, ya fito da wata alama dabam, koriyar fuska mai yatsina da harshe a waje, don a manna a kwalaben gida. Darasin shi ne ba a haifi kowa da sanin ma'anar hoto ba, koya ake yi, kuma abin da yaro ya fara gani a riga shi zai ɗauka.

Duk da haka ba a samu abin da ya fi ƙoƙon ba. Bayan haɗarin Goiânia na Barazil a 1987, inda masu tsintar ƙarafa suka fasa wata na'urar asibiti mai sinadarin nukiliya har mutum 4 suka mutu, da wasu haɗurra irinsa, hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta gane cewa alamarta mai kama da fanka mai fukafukai uku ba ta tsorata wanda bai je makaranta ba. Aka gwada sabbin zane a ƙasashe 11, a 2007 aka fito da jan allo mai kusurwa uku: fankar a sama, ƙoƙon kai a ƙasa, mutum yana gudu. Tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na yi wa sinadarai alama, wanda aka fara bugawa a 2003, shi ma ya keɓe baƙin ƙoƙo cikin jan murabba'i mai tsaye kan kusurwa ga gubar da kaɗan daga cikinta ke iya kisa nan take.

A jikin maganin ƙwari na gona akwai ƙarin alama da ya kamata a sani: layi mai launi a gindin takardar kwalba. Ja shi ne mafi haɗari, shi ke tafiya da ƙoƙon kai, rawaya na biye, sai shuɗi, kore shi ne mai sauƙi, ko da yake shi ma ba abin sha ba ne. Sinadarin diklobos, wanda ke cikin abin da ake kira fiya-fiya, yana rukunin ja a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. A ƙa'ida, maganin da za a sayar a Nijar sai ya samu amincewar kwamitin Sahel kan magungunan ƙwari na ƙungiyar CILSS, mai ofis a Bamako. A zahiri, ƙungiyar zaurukan manoma ta RECA ta sha nuna cewa da yawa daga abin da ke kasuwanni bai bi ta wannan hanya ba, ta iyaka yake shigowa. Takardarsa da Ingilishi take, ta wanda aka amince da shi kuma da Faransanci, manomin Madarunfa ko mai lambun albasa na Galmi sau da yawa ba ya karanta ko ɗaya. Hoton da launin su kaɗai ke yi masa magana.

Wannan ma idan kwalbar ta iso gida. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya sayen lita, awo yake saye, a zuba masa a tsohuwar robar ruwa ko ta lemo wadda ba ta da rubutu ko hoto, ya ajiye ta a ɗaki. Haka ƙwayar Phostoxin da ake sa wa wake a buhu: da ta sha danshi sai ta saki iska mai kisa, wadda ba a so ta taru a ɗakin da mutane ke kwana. Ɗaya-ɗaya ake sayar da ita, a ƙulle a takarda ko leda, gwangwanin da ke ɗauke da ƙoƙon kai da jan layin kuwa yana nan a rumfar mai sayarwa.